Ranar da Aka Ce Malam Ya Bugu

Akwai rana guda cikin kwanakina wadda ba ni da labarinta sai daga bakin mutane. Ran Asabar ce, cikin watan Yuli na 2022, lokacin da kowa a ƙasar Zuru yake fama da maimai a gonar dawa. Na tuna na bar gona wajen ƙarfe ɗaya da rabi na rana, na kuma tuna na ta da babur. Daga nan ban san kome ba. Sa'ad da hankalina ya komo, sai na gan ni zaune a gindin wata ɗorawa a bakin hanyar Dabai, rigata sharkaf da gumi, gwiwata tana jini, mutane sun kewaye ni, waɗansu suna dariya, waɗansu suna kaɗa kai.

An ce na yi ta tangaɗi da babur har na gangara cikin kwazazzabo. An ce da aka ɗaga ni sai na ture wanda ya taimake ni, har na zage shi. An ce harshena ya yi nauyi, ina ta maimaita magana guda. Ni da nake koyar da 'ya'yan mutane a makarantar ekklisiya, ni da nake karanta sanarwa ran Lahadi! Kafin rana ta faɗi labari ya riga ni isa gida: Malam ya bugu.

Tun da aka yi mini baftisma ban sa giya a bakina ba. Abin da ya kā da ni ran nan, sukarin jinina ne ya sauka ƙwarai. Na daɗe ina jin nauyin rubuta wannan labari, gama ba wanda yake so a tuna masa da ranar da ya yi birgima a gaban jama'a. Amma na lura a gidajenmu kowa ya san ciwon sukari da hawa, kaɗan ne suka san shi da sauka. Saukan nan kuwa shi ne mai gaggawa, shi ne kuma wanda mutanen gida suke iya tsayar da shi da hannunsu kafin a kai ga likita.

Ciwon ya same ni a 2010, ina da shekara talatin. Ƙishirwa ba dare ba rana, fitsari sau biyar sau shida kafin gari ya waye, na rame har wandona ya ƙi zama a ƙuguna. A asibiti aka gaya mini akwai wata 'yar gaɓa da take kwance a bayan tumbi, likitoci suna ce da ita fankiriyas, ita take yin wani sinadari mai suna insulin. Aikin insulin shi ne ya buɗe wa sukari ƙofa ya fita daga cikin jini ya shiga cikin nama, inda zai zama ƙarfi. Tawa gaɓar ta daina aiki. Irin nawa ciwon ba na ƙwaya ba ne, ba na sassaƙe ba ne, sai allura, muddin raina.

Ba na raina allurar nan, kada wani ya ɗauka kuka nake yi da ita. Kafin 1921, lokacin da Frederick Banting da Charles Best suka fid da insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada, wanda irin ciwona ya kama ba ya daɗewa a duniya. A watan Janairu na 1922 aka fara yi wa wani yaro mai suna Leonard Thompson, ya kuwa tashi daga bakin kabari. Da an haife ni a zamanin kakana, da ban ga auren kaina ba, balle 'ya'ya huɗu.

Amma allura tana da hali guda wanda ya kamata kowane gida ya sani. Jikin mai lafiya yana auna insulin kamar yadda uwargida take auna gari: in baƙi sun zo ta ƙara, in masu gida sun yi tafiya ta rage. Allura ba ta iya haka. In ta shiga ta shiga. Ba ta san ko ka ci ko ba ka ci ba, ba ta san yau Asabar ce za ka yini da fartanya ba. Za ta yi ta kwashe sukari daga cikin jini bisa ga awon da ka ba ta da safe, ko da ba abin da ya rage. Irin wadda nake yi gauraye ce, sau biyu a rana: kashi ɗaya nata mai saurin aiki ne domin karin kumallo, sauran kuwa yana tafiya a hankali, ƙarfinsa yakan kai gaya wajen tsakar rana, daidai lokacin da ake zaton mutum ya ci abincin rana.

To, ga yadda Asabar ɗin nan ta kasance. Na yi allura da ƙarfe shida da rabi, na sha koko da ƙosai biyu, na tafi gona. Aikin ƙarfi kuwa shi ma yana cin sukari, har ma yakan ci gaba da ci bayan an ajiye fartanya, wani lokaci har cikin dare. Babban ɗana ne zai kawo mini abinci da tsakar rana, sai tayar kekensa ta yi faci a hanya. Sukarin da nakan ajiye a aljihu yana cikin wata riga dabam, wadda aka jiƙa domin wanki. Wajen ƙarfe ɗaya na ji 'yar yunwa da kasala, na ce bari in ƙarasa kunya biyu da suka rage. Na ƙarasa, na hau babur. Laifin da ya fi girma ke nan, nawa ne kuwa, ba na yaro ba.

Bari in ɗan yi aikina na malami a nan. 'Yar na'urar awo da muke ɗiga wa jini daga yatsa tana nuna lamba. Mai lafiya in ya tashi da safe, lambarsa takan kasance tsakanin 70 da 100. In ta sauka ƙasa da 70, sukari ya yi ƙasa. In ta sauka ƙasa da 54, an shiga hatsari. Waɗansu na'urori suna ƙirga da wani ma'auni dabam, a wurinsu 3.9 da 3.0 ke nan. Mafi ƙanƙantar lambar da na taɓa gani da idona ita ce 41.

Me ya sa hankali ne yake fara tafiya? Domin ƙwaƙwalwa ba ta da rumbu. Nauyinta bai wuce kashi biyu cikin ɗari na jiki ba, amma tana cin wajen kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin da jiki yake ci, abincinta kuwa sukarin da jini yake kawo mata ne, minti bisa minti. Rumbun jiki hanta ce. Ga mai lafiya, da zarar sukari ya fara sauka sai jiki ya tsai da insulin, ya aika wa hanta da wani sinadari mai suna gulukagon, ta buɗe rumbu. Mu masu allura ba mu iya tsai da abin da ya riga ya shiga, saƙon gulukagon ɗin ma yakan yi rauni bayan 'yan shekaru da ciwon. Abin da ya rage mana shi ne ƙararrawar jiki, watau sinadarin nan da yake tashi in mutum ya firgita. Shi yake kawo rawar hannu, da gumi mai sanyi, da bugun zuciya, da yunwa irin ta kura, da kaikayin leɓe. In an ji ƙararrawa an ci abu, shi ke nan. In ba a ji ba, ko an ji an raina, sai ƙwaƙwalwa ta fara kasawa: gani biyu biyu, nauyin harshe, tangaɗi, taurin kai, fushi ko kuka ba dalili. Daga nan sai jijjiga kamar ta farfaɗiya, sai suma. In ya daɗe ba taimako, mutum yana iya mutuwa, ko ya farka da lahani a ƙwaƙwalwa.

Ku duba jerin nan da kyau: tangaɗi, nauyin harshe, zagi, faɗuwa. Wa zai ga laifin wanda ya ce maye ne? A wani gari aljanu za a ce. A garinmu kuwa, inda tukunyar burukutu ba ta huce wa, amsa tana kusa.

Abin mamaki, wadda ta fara kāre ni ran nan mai dafa burukutu ce, wata tsohuwa da take da rumfa kusa da wurin. An ce ta ratsa taron, ta sunkuya ta sansana bakina, ta taɓa goshina, ta miƙe ta ce, “Ku yi wa mutane shiru. Shekara talatin ina sayar da giya, na san maye. Wannan ba warin kome a bakinsa, jikinsa kuma sanyi ƙalau kamar randa. Ciwo ne.” Ana cikin haka sai ga wani ɗan acaɓa wanda na koya wa lissafi a aji biyar. Shi ya tuna yadda nakan tsaya a tsakiyar darasi in jefa ƙwayar sukari a baki, yara suna ƙyalƙyala dariya a ɓoye. Ya ruga ya sayo lemun kwalba. Allah ya sa ina iya zama, ina kuma iya haɗiya. An ce na ƙi sha da fari, na ce lafiyata ƙalau, sai ya durƙusa ya ce, “Malam, don girman Allah ka sha, ni ne ɗalibinka.” Na sha. Bayan kamar minti goma sha biyar na ɗaga kai na tambaye su ina babur ɗina.

Jiki ya warke ran nan, amma suna bai warke ba. Ran Lahadi na ga yadda waɗansu suke gaishe ni da gefen ido. Tun zuwan masu bishara na fari ƙasar nan, barin giya yana cikin alamun da ake gane mai bi da su, saboda haka zancen ba ƙarami ba ne. Iyaye biyu suka je wurin shugaban makaranta suka ce ba su yarda mashayi ya koyar da 'ya'yansu ba. Ba na ganin laifinsu, ni ma uba ne. Ran Laraba dattawan ekklisiya suka kira ni.

Na tafi da kwalbar insulin, da sirinji, da na'urar awo, da katin asibiti, na baje su a kan tebur. Maiɗakina ta bi ni, ko da yake ba a kira ta ba. Na yi bayani kamar yadda na yi muku a sama, na huda yatsana a gabansu. Wani dattijo ya ce, “Malam, mu mun san mai ciwon sukari ba ya shan sukari. Yaya kai kuma za ka ce sukari ne maganinka?” Tambaya ce mai kyau, ita ce kuwa take kashe mutane. Na ce, “Baba, wuta ma da ruwa ake kashe ta, amma wanda ya faɗa kogi ba ruwa yake bukata ba. Ciwon yana da baki biyu.” Maiɗakina ta ba da labarin dare uku da ta tashe ni da cokalin zuma. Baba Pasto ya daɗe bai ce kome ba, sa'an nan ya tuna wa dattawa cewa Eli firist ma ya taɓa zaton Hannatu ta bugu, alhali addu'a take yi. Ya ce shi da kansa zai yi wa jama'a bayani. Ya kuwa yi. Duk da haka har yau akwai mutum biyu uku da suke ganin wayo na yi wa dattawa. Na bar su da Mahaliccinsu.

Abin da ya fi damuna shi ne na riƙa ɓoye ciwon shekara goma sha biyu. Abokan aikina sun san “Malam ba ya jin daɗi wani lokaci”, shi ke nan. Ina tsoron a ce ban isa aiki ba. Da na faɗa tun da fari, da rabin mutanen da suka kewaye ni a hanyar Dabai sun san abin yi.

Wadda ta fi kowa shan wahalar abin nan maiɗakina ce. Mutane suna tsammani mai ciwo kaɗai yake ciwo. Ita ce take gane saukan kafin ni. Ta ce idona yakan tsaya wuri guda, in fara amsa tambaya da tambaya, in yi ta gyara abin da ba ya bukatar gyara. Sai ta kawo kofi ta ce, “Maigida, sha.” Ni kuwa a lokacin nan ba abin da na ƙi ji kamar wannan kalma. Na sha ce mata ta daina mai da ni yaro. Wata rana na buge kofin daga hannunta a gaban 'yarmu ƙarama, yarinyar ta kwana biyu ba ta zo kusa da ni ba. Da hankalina ya komo aka gaya mini, na rasa inda zan sa kaina. Daga ran nan muka yi alkawari: in ta ce sha, in sha, gardama sai bayan minti goma sha biyar. Sau da yawa in lokacin ya cika ba sauran abin gardama. Amma kada in yi wa kaina ƙarya, ba kowane fushi nawa ne na sukari ba. Akwai ranar da na yi faɗa, ta kawo na'ura, lamba ta nuna 130. Ta dube ni ta ce, “To, wannan kam naka ne.”

Na dare ya fi ban tsoro, gama barci yana danne ƙararrawa. Alamarsa mugun mafarki, da gumi har zanen gado ya jiƙe, da gurnani, da ciwon kai da safe kamar an kwana ana dukan mutum. Yakan zo mini bayan yinin aiki mai nauyi, ko in na yi allurar yamma na ci tuwo kaɗan. Shekara da shekaru matar nan ba ta yin barci mai nauyi. Takan miƙa hannu cikin duhu ta taɓa wuyana ta ji ko da gumi.

Bayan abin da ya faru a hanya sai tsoro ya kama ni, na yi abin da masu allura da yawa suke yi a ɓoye: na rage awon allurata da kaina, ina cin abinci fiye da kima, domin lamba ta zauna can sama inda ba zan faɗi ba. Wata huɗu ina haka. Ƙishirwa ta komo, idona ya fara hazo. Da na je ganin likita a Sakkwato, tafiyar da takan cinye mini yini guda, ya dubi littafin awona ya ce na gudu daga kura na faɗa bakin zaki. Ya ba ni labarin wani babban bincike da aka yi a Amurka da Kanada a kan mutum 1,441 masu irin ciwona, wanda aka bayyana sakamakonsa a 1993. Waɗanda aka tsananta wa riƙon sukarinsu kusa da na mai lafiya sun tsira ƙwarai daga lalacewar ido da ƙoda da jijiyoyi, amma saukan sukari mai tsanani ya same su wajen ninki uku. Watau hanya ce siririya tsakanin ramuka biyu: na hagu yana cin mutum yau, na dama yana cinsa a hankali cikin shekaru goma ko ashirin. Ba a kauce wa ɗaya ta wurin faɗawa ɗayan.

Shi ne kuma ya bayyana mini dalilin da ban ji rawar hannu a gona ba. In sukari yana yawan sauka, jiki yakan saba, ƙararrawa ta daina kaɗawa sai an yi nisa. Tsawon shekaru da ciwon ma yana ƙara wannan. Amma akwai albishir: in mutum ya yi mako biyu ko uku bai bar sukarinsa ya sauka ba ko sau ɗaya, sau da yawa ƙararrawar takan farfaɗo. Ya gyara mini awo da hannunsa, ya koya mini yadda zan rage ta safe a ranar gona, in kuma ci wani abu kafin in kwanta. Tawa ƙararrawar ta komo, ko da yake ba kamar dā ba.

A ƙasashen da suke da hali yanzu akwai wani ɗan faifai kamar kwabo da ake mannawa a damtse, yana auna sukari dare da rana, yana aika lamba zuwa wayar hannu, waɗansu har ƙara suke yi in ta sauka. Theresa May, wadda ta yi firayim ministar Ingila daga 2016 zuwa 2019, tana da irin ciwona, an kuma gan ta da faifan nan a hannunta. Ina ambatonta domin masu cewa mai allura ba ya iya aiki. Faifan kam ya fi ƙarfin albashin malamin makaranta. Mu ko tsinken awo na na'ura sai mun yi ta lissafi, a auna yau a bar gobe. Saboda haka a ƙasarmu idon mutanen gida shi ne faifan.

A layin asibiti na sadu da wani tsohon soja, irin waɗanda ƙasar Zuru ba ta rasa su. Ya ce shekara takwas yana allura lafiya, sai mako guda ya suma sau biyu. Ashe sirinjinsa ne ya ƙare, aka sayo masa wani iri a kanti. Insulin ba iri ɗaya ba ne wajen ƙarfi: akwai mai rubutun U-40, akwai mai U-100, kowanne da nasa sirinji. In ka zuƙi mai U-100 da sirinjin U-40 har layin 20, abin da ka sa a jikinka 50 ne, ninki biyu da rabi. Ku dubi rubutun kwalba, ku dubi na sirinji, su zama ɗaya. Wanda bai iya karatu ba, ɗan makaranta ya duba masa.

Akwai kuma zancen giyar kanta. Ba wa'azi zan yi ba, likitanci ne: giya tana hana hanta buɗe rumbunta. Mai allura in ya sha, musamman da yunwa, sukarinsa yana iya faɗuwa cikin dare bayan sa'o'i da yawa, mutanen gida kuwa su ce a bar shi ya yi barcin mayensa. Irin wannan barci ne wani ba ya tashi. Lokacin Uhola da bukukuwan ƙarshen shekara ya kamata a kula da wannan. Haka kuma in amai ko zazzaɓi ya hana mai allura cin abinci, ko ƙodarsa ta fara rauni, awon da ya saba yana iya yi masa yawa. Ba daina allura za a yi ba, gama wannan ma hatsari ne. Likita za a nema da sauri.

Azumi ma ya taɓa zama mini abin damuwa. A farkon shekara ekklisiyarmu takan keɓe kwanaki na azumi da addu'a, ni kuwa ina jin kunya a gan ni ina ci. Na gwada sau ɗaya, ban kai ƙarfe biyu ba. Baba Pasto ya ce mini, “Malam, ka ci abincinka ka zo addu'a.” Maƙwabcina Musulmi mai irin ciwon ya ce shi ma malaminsu ya gaya masa marar lafiya yana da rangwame. Wanda duk ya nace sai ya yi, ya fara zama da likitansa tukuna.

To, me za a yi in abin ya zo? In mutumin yana iya zama yana iya haɗiya, a ba shi sukari nan take, kada a tsaya neman na'ura in ba ta kusa. Awon da likitoci suke faɗa giram 15 ne: ƙwayar sukari uku ko huɗu, ko babban cokali guda na sukari a cikin ruwa, ko babban cokali na zuma, ko rabin kwalbar lemo, amma ba irin wanda aka rubuta ba sukari a cikinsa ba. Gyaɗa da nama da ƙosai ba su da sauri, ba na lokacin nan ba ne. A jira minti 15. In bai dawo daidai ba a sāke. In ya dawo a ba shi abinci mai riƙe ciki, tuwo ko fura ko burodi, gama allurar tana nan tana aikinta. In ana shakka ko hawa ne ko sauka, ba kuwa na'ura, a ba da sukarin. Cokali guda ba zai kashe wanda nasa ya hau ba, rashinsa kuwa yana iya kashe wanda nasa ya sauka.

Amma in ya suma, ko yana jijjiga, kada a ɗura masa kome a baki. Na san hannu yana ƙaiƙayi a irin wannan lokaci, kowa yana so ya yi wani abu, amma abin da aka ɗura yana iya bi ta hanyar numfashi ya shaƙe shi. Kada a cusa masa cokali tsakanin haƙora, kada a yi masa hayaƙi, kada kuma wani ya ce bari a yi masa allurarsa. A kwantar da shi a gefe guda, a nemi mota zuwa asibiti mafi kusa, a kuma faɗa tun daga bakin ƙofa, “Mai allurar insulin ne.” Ruwan sukari za su sa masa ta jijiya, sau da yawa cikin 'yan mintoci sai ya buɗe ido. Akwai allurar gulukagon da mutanen gida suke iya yi wa wanda ya suma, amma ni ban taɓa samunta a kantin magani a nan ba. Addu'a kuwa a yi ta a cikin mota, ana tafiya.

Ni yanzu ba na ta da babur sai na auna, ko na ci wani abu. In lamba ba ta kai 90 ba sai na ci tukuna. A Ingila ana gaya wa masu tuƙi su jira minti 45 bayan sukari ya dawo daidai kafin su kama hanya, domin ƙwaƙwalwa takan yi jinkirin farfaɗowa, ni ma na ɗauki wannan. Maiɗakina ta ɗinka mini ɗan aljihu a cikin jakar makaranta, akwai sukari a ƙarƙashin sirdin babur, akwai a aljihun teburina, akwai zuma a gefen gado. A wuyana akwai kati da Hausa da Turanci. Ran farko na kowane zango nakan gaya wa 'yan ajina, “In kun ga Malam yana rubuta shirme a allo, ko yana gumi ba zafi, ga inda sukari yake, ɗaya ya kawo, ɗaya ya kira malamin aji na kusa.” Sau ɗaya suka yi amfani da wannan. Sau biyu kuma suka kawo mini sukari alhali kuskuren lissafi ne kawai na yi.

Da kaka ta yi a shekaran nan na koma wurin tsohuwar nan in yi mata godiya. Na kai mata sabulu da kwalin sukari. Dawa kam ban kai ba, na san abin da za ta yi da ita. Ta karɓa ta yi dariya, ta ce, “Ɗana, ashe kana da rai.” Sa'an nan ta jawo mini kujera, ta ce akwai wani mai zuwa rumfarta wanda shi ma yake yi wa kansa allura a ciki, ta hana shi sha ya ƙi. Ta sa na maimaita mata sau biyu ƙwaya nawa ake bayarwa, da lokacin da ba a ɗura kome. Ta ɗauki kwalin ta sa a kan katanga, can sama inda jikokinta ba za su kai ba.